Kumfa mai ɗumi a Legas: kwanon tangaran daga waje, ko kwanukan da ke cikin gidanka?

Duk wanda ya bar kumfar gwangwani ya koma aski da burushi da sabulu da reza mai baki biyu, ba ya jimawa sai ya ji labarin wani kwano da ake kira sikatul. Kwanon tangaran ne mai bango biyu. Akwai ƙarami a ciki, inda ake kaɗa kumfa, sai babba da ya rungume shi ta waje, tsakaninsu kuwa sarari ne da ake ɗura wa ruwan zafi ta wani ɗan baki irin na buta. Zafin ruwan ya ratsa bangon ciki, kumfa da burushi su zauna da ɗumi tun daga farkon aski har ƙarshensa. Masu shi suna yabonsa ƙwarai, kuma yabon ba na banza ba ne. Abin dubawa shi ne mazaunin Legas, wanda zai saya da dala ya kuma biya dakon kaya mai nauyi mai saurin fashewa, ko kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu, ko kuwa kwanukan da ke kicin ɗinsa sun wadatar.

Asalin abin ya ba da rabin amsa. A ƙarni na 19 yawancin gidajen Ingila da Amurka ba su da ruwan zafi a famfo, sai an dafa a madafa an kai wa maigida ɗaki. Shi ya sa aka ƙera wata moɗa mai hawa biyu, wadda aka fara yi wa rajista a 1867: ruwan zafi a ƙasa, sabulu a sama bisa ɗan faifai mai huji-huji, burushi kuma a tsoma shi ta faffaɗan bakin da ke gefe. Har gobe ana sayar da wannan tsohon samfuri, sau da yawa da zanen furanni ko jirgin ruwa a jikinsa, kuma ya fi araha. A yi hattara da shi, domin ba ya riƙe kumfa da ɗumi. Aikinsa ajiye ruwa da jiƙa burushi, abin da kofin shayi ma zai yi. Wanda ake magana a kai yanzu shi ne na zamani, irin Moss Scuttle na Nova Scotia ta ƙasar Kanada, ko na kamfanin Georgetown Pottery da ke jihar Maine a Amurka, mai samfura biyu da suka yi suna, G12 da G20, masu cin ruwa kimanin mililita 350 da 590. Duka wuraren biyu ƙanƙara ce ke rufe su watanni a kowace shekara.

Legas kuwa kusan kullum tana tsakanin digiri 24 da 33. Fatar fuskar mutum tana wajen digiri 33. Ke nan kumfar da aka kaɗa da ruwan tanki na safe, mai digiri 26 ko 27, ɗan sanyi-sanyi kawai za a ji a kumatu, ba irin sanyin da ke sa Bature ya zabura a banɗakin da bai wuce digiri 15 ba. Ga laimar iska da ke yawan haura kashi 80 cikin ɗari, wadda ke hana kumfa saurin bushewa a fuska. Hunturun nan ma ɗan leƙe yake yi a Disamba da Janairu ya wuce, wanda ya san na Kano ko Zariya ko Jos ba zai kira shi sanyi ba. Duk da haka ba zan ce babu safiyar da ɗumi ke da daraja ba. A Yuni da Yuli, ruwan sama ya kwana yana zuba, mutum ya tashi kafin asuba don ya riga gosulo hawa gadar Third Mainland, ruwan bokiti ya yi sanyi ƙalau, a irin wannan lokaci kumfa mai ɗumi a wuya abu ne da rai ke so da gaske.

Sai dai a bambance abin da ke gyara aski da abin da ke sa shi daɗi. Busasshen gashin gemu yana da tauri sosai. Abin da ke tausasa shi ruwa ne da ya shige cikinsa, kuma shigar tana buƙatar minti biyu zuwa uku. Ruwan ɗumi yana ɗan gaggauta ta. Da zarar gashin ya sha ruwa, aikin kumfa bai wuce ta riƙe masa damshi ta kuma sa reza ta yi santsi ba, kuma kumfa mai sanyi tana yin wannan daidai da mai ɗumi. Wanzaman Agege da Idi-Araba da Alaba Rago sun san haka tun kaka da kakanni: sai sun jiƙa kai sun yi ta murza shi da tafin hannu kafin aska ta sauka. Wanda ya yi wanka kafin aski, ko ya ɗora tawul mai ɗumi a fuska na minti uku, ya riga ya sami duk taushin da zafi zai iya bayarwa. Abin da kwano mai bango biyu zai ƙara masa jin daɗi ne. Ba raina jin daɗi nake yi ba, mutumin da ke fama da hayaniyar garin nan daga safe har dare ya cancanci minti goma na natsuwa. Amma kada ya saya da tunanin zai raba shi da ƙurajen aski ko zafin reza.

Maganar ƙuraje ita ce ta fi damuna a wannan lissafi, don ita ce ta raba mu da waɗanda aka ƙera kwanon dominsu. Gashin yawancinmu nannaɗe yake. Idan aka yanke shi ƙasa-ƙasa, bakinsa mai kaifi yakan lanƙwaso ya soki fata, ko ya maƙale a ƙarƙashinta, sai wuri ya kumbura ya yi ƙurji, daga baya ya bar baƙin tabo. Shawarar likitocin fata a kan wannan sananniya ce: a bi kwanciyar gashi, kada a ja fata don ta miƙe, a yi amfani da reza mai wuƙa ɗaya, kada a yi ta maimaita wuri guda ana neman ya yi sumul. Su kuwa masu wannan kwano, tsarin askinsu zagaye uku ne, na farko bin kwanciyar gashi, na biyu a gicciye, na uku a saɓa masa, kowane zagaye da sabuwar kumfa, abin ya ci minti goma sha biyar ko ashirin. Don kumfar zagaye na biyu da na uku aka yi kwanon. Wanda fatarsa ba ta ɗaukar fiye da zagaye ɗaya zai gama cikin minti biyar, kumfarsa ba ta ma fara hucewa ba. Haka shi ma mai gemu da ke gyara layin kumatu da ƙasan wuya kawai, kuma irinsa ne suka fi yawa a cikinmu.

Mai aske kai da kansa, lissafinsa daban ne. Kai faɗi gare shi, ƙeya sai da lalube, ana shafa kumfa ɓangare-ɓangare. Idan aka haɗa kai da fuska, kamar yadda wasu masu kaki suke yi saboda dokar aikinsu, aski yakan kai minti ashirin ko fiye. A nan ne tambayar yadda za a riƙe ɗumi ta zama tambaya ta gaske.

Hanya mafi sauƙi ita ce babu kwano ko ɗaya. A jiƙa burushi a ruwan ɗumi, a goga shi kan sabulu har ya ɗauka, a kaɗa kumfar a kan fuska kai tsaye, ana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan. Minti biyun da ake ci wajen kaɗawa su ne minti biyun da gashi ke buƙata ya sha ruwa, ga burushin yana tayar da gashin da ya kwanta. Ga wanda ke gidan haya mai banɗaki ɗaya, maƙwabta na layi da bokitansu a ƙofa, babu abin da ya fi wannan. Illarsa biyu: burushi yana hucewa tsakanin zagaye da zagaye, sannan fatar da ke da ƙuraje ba ta son a yi ta dirzarta, musamman da burushi mai tauri.

Hanya ta biyu, kwano cikin kwano, ita nake so mai karatu ya tsaya a kanta. A sami ƙaramin kwanon silba wanda tafin hannu zai riƙe, da wani babba da zai zauna a ciki, a zuba ruwan zafi a babban. Ƙarfe yana wuce da zafi nan take, cikin daƙiƙu kaɗan kumfa ta ɗauki ɗumi. Wannan saurin shi ne alherinsa, shi ne kuma matsalarsa, domin in ruwan ya cika zafi kumfar da ke manne da ƙarfen za ta fashe ta koma ruwa-ruwa, ta gefe kuma ta bushe. Ruwan yana saurin hucewa tunda samansa a buɗe yake. Ƙaramin kwanon yakan yi iyo ya karkace, ruwa ya kwararo cikin kumfa. Duk waɗannan suna da gyara. A kaɗa kumfa a gefe tukuna, sai ta haɗu a ɗora kwanon cikin ruwa. Kada ruwan ya wuce rabin tsayin ƙaramin kwano. In an sami faffaɗan kofin tangaran mai nauyi a maimakon na silba, zai zauna daram, kuma zai ba da ɗumi a hankali.

Gyaran da ya fi duka shi ne a mayar da ƙaramar kular abinci ta zama kwanon waje. Kula an yi ta ne don ta hana zafi fita, saboda haka ba ta da amfani a kaɗa kumfa a cikinta, amma in aka zuba mata ruwan zafi aka ɗora kwanon silbar da ya rufe bakinta cif, gindinsa na taɓa ruwan, to an sami kusan duk abin da ake biyan dala a kansa: ruwa a rufe, kwano a zaune ba ya rawa, zafi ba shi da hanyar fita sai ta cikin kumfa. A tafi Idumota ko Balogun ko kasuwar Agege da kular a hannu a gwada kwanuka har a dace da wanda ya yi mata daidai. Komai nasa yana rabuwa, a wanke a kife ya bushe sarai. Abin da za a guje wa shi ne kaskon ƙasa marar sheƙi. Yana tsotse ruwa ya fitar ta jikinsa, wannan gumin ne ke sanyaya ruwan randa, ga shi zai sha sabulu ya riƙe wari.

To me na tangaran ɗin ya fi wannan da shi? Ya fi shi da abubuwa na gaskiya. Tangaran yana sakin zafi sannu a hankali, don haka kumfa ba ta saurin lalacewa, ɗumin kuma yana daɗewa bai ɗaya. Gindin kwanon ciki yana da tudu-tudu ko layuka da ke sa kumfa ta haɗu da wuri. Yana da mariƙi, yana da wurin jingina burushi, abu ne guda ba tarkace ba, kuma yana da kyan gani, wanda ga mai son kayan askinsa ba ƙaramin abu ba ne. Amma yana da sharaɗi. Tangaran mai sanyi yana shanye zafin ruwan farko, don haka sai an cika shi an bar shi ya ɗumama yayin da ake wanka, a zubar, a sake cikawa. Ruwan zafi ninki biyu ke nan. Yana buƙatar kanta ko faffaɗan wurin wanke hannu da zai zauna. A banɗakin da madubi ke rataye a ƙusa, sabulu na bakin taga, faɗuwa ɗaya kan tayil ko siminti ta gama da shi. Sannan cikinsa, wato sararin da ruwa ke shiga, hannu ba ya kaiwa. A gari mai laima irin wannan, in ba a juye shi tas an kife shi inda iska ke kaɗawa ba, zai yi gansakuka ya yi wari, in kuma aka manta ruwa a ciki na mako guda an yi wa sauro ɗakin haihuwa. Kuɗinsa dala gommai ne tun kafin a zo kan dako da kwastan, kuma in ya iso a fashe, mayar da shi ƙasar da ya fito wani aiki ne.

Akwai na roba mai kauri, mai marfin toshe bakin ruwa. Ba ya fashewa, ba shi da nauyi, ba ya buƙatar a ɗumama shi sau biyu. Roba ba ta wuce da zafi sosai, saboda haka kumfarsa ɗumi-ɗumi take tsayawa, wanda a Legas ya isa. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Mile 12 da Arewa, wanda hunturu kan riske shi a Kano ko Funtuwa, shi ne ya fi kowa cin moriyar wannan.

Kowace hanya aka zaɓa, ruwan zafin shi ne kan gaba. Kuɗin wuta ba shi ne damuwa ba: ɗaga rabin lita daga digiri 27 zuwa 60 ba ya cin fiye da kashi biyu cikin ɗari na yunit ɗaya. Damuwar ita ce ko akwai wutar a ƙarfe biyar na asuba. Filas ɗin shayi da aka cika da dare ya magance wannan, wanda kuma ba shi da shi, mai shayin bakin layi ba ya rasa tafasasshen ruwa. Kada a ɗura tafasasshen ruwa kai tsaye. Yana iya tsaga tangaran, yana kashe kumfa, yana sassauta gam ɗin da ke riƙe gashin burushi, kuma ruwa mai digiri 60 ma yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu. Kofi ɗaya na tafasasshe da kofi biyu na ruwan tanki suna ba da wajen digiri 50, wannan ne daidai ga ruwan da ke kewaye da kwano. Na jiƙa burushi da wanke fuska kuwa, ya zama wanda hannu zai zauna a ciki ba tare da an janye ba. Kumfar da ke zaune kan ɗumi tana rasa ruwa, don haka a kaɗa ta da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda aka saba, a kuma ɗiga mata ruwa a sake juyawa kafin kowane zagaye.

Wani lokaci ma ba ɗumi ne matsalar kumfa ba, ruwan ne. A unguwanni irin su Lekki da Ajah, ruwan burtsatse yakan zo da gishiri-gishiri ko ja-ja na ƙarfe, kuma irin wannan ruwa yana hana sabulu kumfa ko da an dafa shi. Kafin a zargi kwano ko sabulu, a gwada leda ɗaya ta fiya wata. In kumfa ta tashi da ita, an gano bakin zaren.

Sabulu da burushi su ma suna canja lissafin. Sabulun aski na ainihi, irin Arko na Turkiyya, kumfarsa mai kauri ce mai jure ɗumi. Sabulun salo da sabulun wanka suna tashi da yawa amma manyan ƙwayoyi ne masu saurin fashewa, zafi kuma ƙara musu saurin mutuwa yake yi. Proraso na Italiya mai koren kwali yana da mantol da man turare, an yi shi ne don ya sanyaya fata, kuma a watan Maris, lokacin da mutum ke fitowa wanka yana gumi, mutane da yawa za su fi son wannan sanyin a kan kowane irin ɗumi, domin gumi a kan sabon aski raɗaɗi yake yi. Burushi iri huɗu ne a kasuwa: na gashin wata dabba dangin dage, na gashin doki, na zaren roba, da na gashin alade. Na ƙarshen nan shi ne mafi araha a cikin na gashin dabba, kamfanoni irin su Omega da Semogue sun yi suna da shi, kuma a kwalinsa boar ko bristle ake rubutawa, ya kamata Musulmi ya san haka kafin ya biya. Na roba ya fi dacewa da garin nan don yana saurin bushewa, ba ya wari. Sai dai ba ya riƙe zafi kamar gashin dabba, saboda haka mai burushin roba da ke dogon aski ya fi kowa jin amfanin kwano mai ɗumi.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Mai gemu da ke gyaran gefe, da mai ƙuraje da ke zagaye ɗaya, su bar maganar kwano, su sa kuɗin a sabulu mai kyau da sabuwar reza a kai a kai da dutsen alif na shafawa bayan aski. Wanda ke banɗakin haɗaka ya kaɗa a fuska. Mai aske kai da fuska ya haɗa kula da kwanon silba ya yi damina ɗaya da su. In ya ga a watannin zafi ma hannunsa na kai wa filas, to shi mai son ɗumi ne na gaske, kuma in yana da banɗakinsa da kanta, ya sayi na tangaran babu nadama, ƙaramin ma ya ishe shi tunda ruwa ba ya saurin hucewa a nan. Wanda kuwa ya fi son ya zauna gaban wanzami ranar Juma'a, ya tafi da tasa rezar a aljihu ya ce, "Baba, ga sabuwa, a yi mini da ita," domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin wuƙar da aka yi tarayya a kanta.

Akwai kuma hanyar da ta rage dala: a kai hoto wurin masu ginin tangaran na zamani a nan gida a ce su gina. In za a yi haka, a nanata musu cewa sheƙin ya rufe ko'ina, har cikin sararin ruwa, kuma ya zama irin wanda ake yi wa kwanon abinci. Faɗin kwanon ciki ya kai santimita 10 zuwa 12 don burushi ya sami wurin juyawa, bangonsa ya fi na waje siranta don zafi ya bi ta ciki, gindi ya zama shimfiɗaɗɗe mai faɗi, bakin ɗura ruwa kuma ya buɗe yadda ƙaramin burushin wanke kwalba zai shiga.